Daga Ƙofar Ran zuwa Ingila: Abin da ɗalibin aikin jarida ke tararwa a ƙasar waje

A Ƙofar Ran, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Bauchi, kabarin Firaministan Najeriya na farko, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, yake. Masu ziyara sukan tuna shi da siyasa da zaƙin murya, amma kaɗan ne ke tuna cewa malamin makaranta ne da ya taɓa zaman ɗalibta a ƙasar waje. A 1945 aka tura shi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, ya yi shekara guda, ya dawo a 1946. A shekarar da ya dawo, abokin aikinsa a Makarantar Midil ta Bauchi, Malam Aminu Kano, ya bi sahunsa zuwa wannan cibiya.

Waɗannan biyun ilimin koyarwa suka je nema. Ta fuskar jarida kuwa, Alhaji Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya riga su taka Ingila, domin a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga tawagar editocin Afirka ta Yamma da ta ziyarci ƙasar tare da Nnamdi Azikiwe. Abin da ya gani a can shi ya zuba a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilimi. Daga baya Bauchi ta samu nata ɗan da ya haɗa aikin rediyo da karatu mai zurfi a waje, wato marigayi Dokta Ibrahim Tahir, Talban Bauchi, wanda ya yi aiki a BBC a Landan, ya kuma sami digirin digirgir a Jami'ar Cambridge da bincike a kan malamai da attajiran Kano.

Hanyar dai tsohuwa ce. Abin da ya sauya shi ne farashinta da sharuɗɗanta. A yau matashin da ke ɗauko rahoto wa Gidan Rediyon Jihar Bauchi, ko Globe FM, ko wata jaridar intanet, yakan yi mafarkin digiri na biyu a Cardiff, ko Sheffield, ko Bonn. Mafarkin halal ne. Sai dai aikin jarida ya sha bamban da injiniyanci ko haɗa magunguna, waɗanda iliminsu ɗaya ne ko'ina aka je. Kusan rabin sana'ar ɗan jarida a ɗaure yake da ƙasar da yake ciki: harshenta, dokokinta, da sanin wanda za a buga wa waya idan abu ya faru. Wannan rabin ba ya shiga akwati, ko a tafiya ko a dawowa.

Digiri iri biyu, suna ɗaya

Abin da ya fi rikita masu neman gurbi shi ne cewa kwasa-kwasan da ke ɗauke da sunan jarida iri biyu ne. Akwai na koyon sana'a, inda ake mayar da aji ya zama ɗakin labarai, a riƙa tura ɗalibai cikin gari su samo labari su kawo kafin wa'adi. Akwai kuma na nazari, inda ake karanta ra'ayoyin masana game da kafofin yaɗa labarai, da mulki, da al'umma, a ƙare da kundin bincike. Na farkon ya dace da mai son komawa fagen aiki. Na biyun ya fi amfani ga mai niyyar koyarwa ko zarcewa zuwa digirin digirgir. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ɗalibi kan biya kuɗi da tsammanin za a ɗora masa kyamara a kafaɗa, sai ya tsinci kansa a laburare yana fama da littattafan falsafa.

Makarantar Cardiff, wadda ke cikin waɗanda 'yan Afirka suka fi sani, tana da tsohuwar alaƙa da nahiyar. Wanda ya kafa ta a 1970, Tom Hopkinson, ya taɓa zama editan mujallar Drum a Afirka ta Kudu, ya kuma horar da 'yan jarida a Nairobi kafin ya koma gida. A Amurka, makarantar jarida ta Missouri ta fara tun 1908, ta Columbia kuma a 1912. A Ingila digirin na shekara ɗaya ne cur, daga Satumba zuwa Satumba, abin da ke sa shi ya fi na Amurka sauƙin kuɗi, ya kuma fi shi matsi.

Akwai wani shinge da ya shafi Bauchi kai tsaye. Da yawa daga cikin ma'aikatan kafofin yaɗa labarai na jihar sun fito ne daga kwalejojin kimiyya da fasaha, irin su Kwalejin Tarayya da ke Gwallameji, da babbar difloma ta HND a hannu. Jami'o'in waje da dama ba sa ɗaukar wannan takarda daidai da digirin farko. Wasu sukan nemi a haɗa da diflomar gaba da digiri, wasu kuma sukan duba shekarun da mutum ya yi yana aiki. Haka nan batun Turanci: jami'o'in Birtaniya da yawa na karɓar sakamakon WAEC a madadin jarrabawar IELTS, amma sassan jarida sukan tsaurara fiye da saura, wasunsu sai da maki 7.0, tunda rubutu shi ne jarin sana'ar.

Lissafin da ke hana barci

Kuɗin makaranta na digiri na biyu a fannin jarida ga baƙon ɗalibi a Birtaniya kan kama daga kusan fam 18,000 zuwa sama da fam 25,000. Bayan wannan, a Janairun 2025 hukumomin shige da fice sun buƙaci ɗalibi ya nuna fam 1,136 na kowane wata har wata tara idan a wajen Landan zai zauna, ko fam 1,483 idan a Landan ne. Adadin ba ya tsayawa wuri ɗaya, ana ɗaga shi lokaci-lokaci. Dole ne kuɗin su kwana 28 a jere a cikin asusu ba tare da sun ragu ko da na yini ɗaya ba. Kuɗin biza ya kai fam 524 a Afrilun 2025, sannan ga harajin kiwon lafiya na fam 776 a kowace shekara, wanda ɗalibin digiri na biyu kan biya na shekara ɗaya da rabi saboda bizarsa ta zarce wata 12.

Idan aka ɗauki kuɗin makaranta a fam 20,000, aka haɗa da na zama a wajen Landan da biza da lafiya, jimillar ta tasam ma fam 32,000, ban da tikitin jirgi. A canjin naira 2,000 kan kowane fam, wannan ya kai kusan naira miliyan 64. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya yi shekara 76 bai ci bai sha ba kafin ya tara su.

Ba haka lissafin yake ba a 'yan shekarun baya. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin hukuma, kuma iyaye kan biya kuɗin makaranta ta hanyar Fom A a wannan farashi mai rahusa, ko da yake sai an sha jira. Cikin 2024 fam ya haura naira 2,000. Waɗanda abin ya fi yi wa illa su ne ɗaliban da suka riga suka tafi da shirin biya kashi-kashi, domin kuɗin da suka tanada a naira ya narke a hannunsu. A watan Mayun 2024 labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da ke Middlesbrough ya karaɗe kafofin yaɗa labarai, bayan an dakatar da karatun wasunsu saboda gaza biya a kan lokaci, aka kuma umarce su da su bar ƙasar.

A daidai wannan lokaci ne ƙofofin tallafi na cikin gida suka ƙara ƙuntata. Asusun TETFund, wanda ya ɗauki nauyin malaman jami'o'i da kwalejoji masu yawa zuwa ƙasashen waje, ya dakatar da wannan ɓangare daga farkon 2025, yana mai kafa hujja da tsadar canji da kuma yadda wasu ke ƙin dawowa. A cikin shekarar ce kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da kawo ƙarshen tallafin karatu na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa.

Saboda haka ga ɗan jarida mai rayuwa a kan albashi, hanyar da ta rage a zahiri ita ce tallafin waje. Wanda ya fi shahara shi ne Chevening na gwamnatin Birtaniya, da aka fara a 1983. Yana biyan kuɗin makaranta, da na jirgi, da alawus na wata-wata. Sharaɗinsa shi ne mutum ya yi aiki na aƙalla shekara biyu, wato sa'o'i 2,800, ya zaɓi kwasa-kwasai uku, sannan ya yi alƙawarin komawa ƙasarsa ya zauna na shekara biyu bayan kammalawa. 'Yan jarida kan yi dace a wannan gasa, domin abin da ake nema shi ne shaidar cewa aikin mutum ya taɓa sauya wani abu, kuma wanda rahotonsa ya sa aka gyara rufin wata makaranta ko aka kai magani wani asibitin karkara yana da abin nunawa.

Ɗan jaridar da aka hana sayar da labari

Bizar ɗalibi a Birtaniya ta yarda a yi aiki na sa'o'i 20 a mako lokacin karatu. A mafi ƙarancin lada na fam 12.21 a sa'a, wanda aka tsayar a Afrilun 2025, hakan ya kawo kusan fam 1,050 a wata a wancan lokaci, wato bai ma kai abin da gwamnatin kanta ta ƙiyasta na ci da sha da haya ba. Duk wanda ya tafi da niyyar biyan kuɗin makaranta daga wannan aiki ya gina ɗaki a kan rairayi. Ayyukan da ake samu kuwa galibi na gidajen kula da tsofaffi ne, da rumbunan ajiyar kaya, da kantuna, da gadi.

Amma akwai wani sharaɗi a cikin bizar da ya fi ciwo ga ɗalibin jarida fiye da kowa: an haramta aikin ƙashin kai. Ma'ana, ɗalibi ba shi da izinin rubuta labari ya sayar wa jarida a biya shi a matsayin mai zaman kansa, ko da jaridar a Abuja take, muddin yana zaune a Birtaniya lokacin da ya yi aikin. Alhali kuwa ta wannan hanya ce 'yan ƙasar da ke aji ɗaya da shi suke fara shiga sana'ar, suna tara labaran da aka buga da sunansu. Shi baƙo sai dai ya dogara da jaridar ɗalibai, da rediyon jami'a, da kuma horon sanin makamar aiki da makaranta ta tsara a cikin manhaja. Saɓa wannan sharaɗi na iya jawo soke biza. Abin takaici ne ƙwarai a ce mutumin da ya shekara goma yana aika rahoto kullum ya koma yana jera kwali a sito da dare, da safe kuma ya zauna a aji ana koya masa yadda ake buɗe labari, amma haka dokar take.

Aikin farko a garin da ba a san kowa ba

A kwasa-kwasan koyon sana'a akan raba wa kowane ɗalibi unguwa guda a makonnin farko, a ce ita ce yankinsa, daga nan zai riƙa samo labari. A nan ne gogaggen ɗan jarida daga Bauchi ke gane yawan abin da ya baro a gida. A can ya san mai unguwa, ya san sarkin kasuwar Wunti, yana da lambar kakakin 'yan sanda, ya san wanda zai gaisar kafin ya yi tambaya da kuma tsawon gaisuwar da ta kamata. A nan kuwa babu mai unguwa. Akwai kansila, da ofishin yaɗa labarai na ƙaramar hukuma wanda ba ya amsa waya sai wasiƙar imel, da mutanen da ke sauri a titi ba sa son a tsayar da su.

Sai kuma kunne. Turancin da aka koya a makaranta ko aka saba ji a rediyo ba shi ne ake yi a kasuwar Cardiff ko tashar bas ta Newcastle ba. Ɗalibi kan ɗauki muryar dattijo ya koma ɗaki ya saurara sau biyar bai tsinci rabin maganar ba. Shi ma dattijon bai tsinci rabin tambayar ba. Wata biyu ko uku kan wuce kafin kunne ya faɗa. Salon rubutu ma sai an sake shi, domin editocin can ba sa son jerin muƙamai da kirari kafin sunan mutum, ba sa kuma son labarin da ya fara da cewa wani babba ya yi kira. Tambayarsu ta farko ita ce: me ya faru, kuma wa abin ya shafa?

Darasin da ya fi ba ɗaliban Najeriya mamaki shi ne na shari'a. A Ingila, Dokar Raina Kotu ta 1981 ta tanadi cewa da zarar an kama mutum, duk abin da aka wallafa wanda ke iya yin mummunan tasiri a kan shari'arsa laifi ne. Dalili shi ne a manyan laifuka talakawan gari 12 ne ake zaɓowa su yanke hukuncin ko mutum ya aikata ko bai aikata ba, kuma ana gudun kada jarida ta riga ta cika musu kunne. A Najeriya alƙali ne ke yanke wannan hukunci. Wanda ya saba zuwa hedikwatar 'yan sanda inda ake jera waɗanda ake zargi a gaban kyamara, har a miƙa musu makirufo su amsa laifi, zai ga cewa kusan duk abin da ya saba yi a irin wannan rana zai iya kai editansa gaban alƙali a can. Haka nan doka ta ba waɗanda aka yi wa fyaɗe kariyar ɓoye suna har ƙarshen rayuwarsu, kuma ko bayanin da zai sa maƙwabta su gane su bai halatta ba.

An hana ɗaukar hoto a kotunan Ingila tun 1925, naɗar murya ma sai da izini. Wannan ne ya sa har gobe ake koyar da rubutun gaggawa na alamomi mai suna Teeline, kuma hukumar horar da 'yan jarida ta ƙasar, NCTJ, ta ɗauki kalma 100 a minti ɗaya a matsayin mizanin ƙwarewa. Ɗalibai kan kwashe watanni suna atisaye da sassafe.

To amma a wani ɓangaren sai lamarin ya juya. Ingila ta soke ɓata suna daga jerin laifukan da ake ɗaure mutum a kansu tun 2010, sai dai a kai ƙara a nemi diyya. A arewacin Najeriya kuwa kundin Final Kod har yanzu yana ɗaukar ɓata suna a matsayin laifi, ga kuma sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wanda aka sha amfani da shi a kan 'yan jarida kafin a yi masa gyara a 2024. Wato ɗalibin zai ci jarrabawa a kan dokar da ba za ta kare shi a gida ba, dokar da za ta iya kai shi kurkuku a gida kuwa babu mai koya masa ita a can. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma shi sau biyu kiɗan zai sauya masa.

Abin da ke tsallaka iyaka lafiya lau shi ne dabara. Yadda ake tantance hoto ko bidiyo a gano inda aka ɗauke shi da lokacin, yadda ake tace kasafin kuɗi a kwamfuta a fito da labari daga cikin alƙaluma, yadda ake kare majiya da wayar hannu, yadda ake bai wa wanda ake zargi damar mayar da martani kafin a buga, duk waɗannan suna aiki a Bauchi kamar yadda suke yi a Landan. Haka ma neman bayanai a hukumance. Najeriya na da Dokar 'Yancin Samun Bayanai tun 2011, wadda ta ba ma'aikatu kwana bakwai su amsa, wa'adin da ya fi na Birtaniya gajarta, inda ake ba da ranakun aiki 20. Bambancin shi ne a can ana koya wa ɗalibi ya rubuta buƙatar, ya bi ta, ya ɗaukaka ƙara idan an ƙi, har abin ya zame masa jiki.

Shi ma ɗalibin ba hannu rabbana ya je ba. A ajin da ake tattauna rikicin manoma da makiyaya, ko Boko Haram, ko juyin mulkin Nijar na 2023, sau da yawa shi kaɗai ne ya taɓa taka wuraren, shi kaɗai ne kuma ke iya sauraron abin da ake faɗa da Hausa a WhatsApp da TikTok ba tare da tafinta ba. Masu wayo sukan gina kundin bincikensu a kan wannan. Sai dai a nan ma akwai tarnaƙi: kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a kan buƙaci duk wanda za a yi hira da shi ya ba da izini a rubuce, alhali a karkarar arewa miƙa wa mutum takarda a ce ya sa hannu ya isa ya sa ya tsuke bakinsa. Ana iya neman a amince da izinin baka, amma sai an nema da wuri an kuma yi bayani.

Sanyi, salla da iyali

A Bauchi tsawon yini ba ya sauyawa sosai tsakanin rani da damina. A Landan kuwa, a watan Disamba rana ba ta cika sa'o'i takwas a sama, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba duk sukan faɗo tsakanin sha biyun rana da ƙarfe huɗu, daidai lokacin darasi. Yawancin jami'o'i na da ɗakin salla, manyan birane kuma ba a rasa masallaci da mahautan halal. Cardiff ma tana da tsohuwar al'ummar Musulmi a unguwar Butetown, zuriyar ma'aikatan jiragen ruwa daga Yaman da Somaliya. Abin da ba a saya a kanti shi ne zaure da majalisa. Mutumin da ya saba ba ya cin tuwo shi kaɗai sai ya wayi gari maƙwabcin ɗakinsa bai san sunansa ba.

Kaɗaicin ya ƙaru tun daga 1 ga Janairun 2024, lokacin da Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na aji zuwa da mata ko miji da 'ya'ya, in ban da masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. 'Yan Najeriya ne matakin ya fi shafa, domin a 2022 iyalan da suka raka ɗaliban Najeriya sun kai wajen 60,000, har sun ɗan zarce yawan ɗaliban kansu. Ga 'yar jarida mai aure da ƙananan yara, wannan ya mayar da tambayar daga ta kuɗi zuwa ta wanda zai riƙe gida shekara guda.

Sauran ƙofofi

Jamus ta fi sauƙi ta wata fuskar. Cibiyar horarwa ta Deutsche Welle da ke Bonn, garin da sashen Hausa na tashar yake, tana gudanar da digiri na biyu na shekara biyu tare da jami'o'in yankin, an kuma tsara shi ne musamman domin 'yan jarida daga ƙasashe masu tasowa. Mai neman bizar karatu a Jamus kan ajiye yuro 11,904 a asusun da ake sakar masa kaɗan-kaɗan kowane wata. Akwai kuma shirin jarida na Erasmus Mundus, inda ake shekarar farko a Aarhus ta ƙasar Denmak, ta biyu kuma a wani birnin Turai kamar Amsterdam ko Prague. Amurka ta ƙara wuya a 2025, bayan da aka fara binciken shafukan sada zumunta na masu neman bizar karatu, abin da ke da nauyi ga wanda sana'arsa ita ce faɗin ra'ayi a fili.

Malesiya, da Turkiyya, da Sin, da Masar na karɓar ɗalibai da yawa daga arewa, kuma sun fi arha, amma yana da kyau mai tafiya ya tambayi kansa irin aikin jaridar da ake bari a yi a ƙasar da zai je koyo. Akwai kuma makarantun Afirka da ake yawan tsallakewa ba bisa wani dalili mai ƙarfi ba, irin su Jami'ar Rhodes da ta Wits a Afirka ta Kudu, da makarantar Aga Khan a Nairobi, inda matsalolin da ake nazari suka fi kama da na gida. Wanda ya riga ya yi nisa a aiki kuma ba lallai ne ya nemi digiri ba, zaman wata uku zuwa shida a Cibiyar Reuters da ke Oxford na iya wadatar da shi.

Bayan an karɓi takarda

Birtaniya na ba wanda ya kammala damar zama na shekara biyu ya nemi aiki, kuma gwamnati ta sanar da shirin rage wa'adin zuwa wata 18. Daga nan sai ya sami kamfanin da zai tsaya masa. Mizanin albashin da ake nema domin bizar ƙwararru ya kai fam 41,700 a shekara tun Yulin 2025, da ɗan rangwame ga sababbin kammalawa, alhali albashin sabon ɗan rahoto a ƙananan jaridun ƙasar galibi bai kai ko na rangwamen ba. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka zauna suke ƙarewa a wata sana'a dabam.

Aikin Hausa kansa ya fara komawa gida. Lokacin da BBC ta buɗe sashen Hausa a ranar 13 ga Maris 1957, sai mutum ya je Landan kafin ya yi magana da Hausawan duniya, kuma haka aka daɗe ana yi daga ginin Bush House. Yau mafi yawan aikin sashen daga Abuja ake yin sa. Rediyon Faransa tun da ya buɗe sashen Hausa a 2007 a Legas ya ajiye shi. Muryar Amurka, wadda ta fara Hausa a 1979, ta tsaya cik a watan Maris na 2025 sakamakon umarnin fadar White House. Mai takardar Cardiff da ke jin Hausa ya fi daraja a kasuwar Abuja da Kano fiye da ta Cardiff ɗin kanta.

Ga wanda ya auna duk wannan ya ga tafiyar ta karɓe shi, shirin kan ci shekara guda cif, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Chevening kan buɗe a watan Agusta ya rufe cikin kaka, a yi ganawa a farkon shekara mai zuwa, sakamako ya fito wajen Yuni. Takardar sakamakon jarrabawa daga tsohuwar makaranta ita ce ta fi cin lokaci, don haka da ita ake farawa. Fasfo ana yin sa a ofishin shige da fice na Bauchi, amma gwajin tarin fuka da Birtaniya ta wajabta wa 'yan Najeriya sai a asibitin da ta amince da shi, kamar a Abuja ko Legas, kuma takardarsa wata shida kawai take aiki. Daga Bauchi zuwa Abuja ta hanyar Jos tafiyar sama da kilomita 400 ce, kuma akan yi ta fiye da sau ɗaya kafin biza ta fito.